Yadda ake horar da ɗalibin likitan dabbobi a asibitin karkara

Asibitin dabbobi na karkara ba ya zaɓen majinyaci. Da sassafe saniya ce ta kasa haihuwa, da hantsi doki ne ke birgima da ciwon ciki, da rana tsaka an kawo kare yana dalalar da miyau, kafin yamma wani ya iso da kaji uku matattu a buhu yana tambayar yadda zai yi da sauran ɗari biyun. Ɗalibin da makaranta ta turo ya karanta duk waɗannan, amma a zango daban-daban, kowace dabba da malaminta da jarrabawarta. A nan kuwa wuni ɗaya za su faɗo masa, da akwatin magani ɗaya, kuma galibi babu ɗakin gwaje-gwaje a kusa.

Don haka likitan da ya karɓi ɗalibi abu biyu zai sa a gaba. Ya dasa masa tsarin aiki guda wanda ba ya canzawa ko wace dabba ce a gabansa, sannan ya nuna masa wuraren da dabbobi suka sha bamban, domin munanan kurakuran sabon likita yawanci daga nan suke fitowa: abin da ya yi wa doki jiya ya ɗauko ya yi wa saniya yau. Sunayen cututtuka makaranta ta riga ta ba shi, za ta kuma ƙara masa.

Kafin ya taɓa dabba

A nemi makaranta ta turo abin da take so ya koya, a rubuce. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta fitar a 2012 da jerin abubuwan da ya kamata wanda ya gama karatu ya iya tun ranarsa ta farko a bakin aiki, makarantu da yawa kuma suna da irin nasu jerin. A duba dokar ƙasa ma. A mafi yawan wurare ɗalibi ba shi da izinin rubuta magani ko yin tiyata sai ƙarƙashin kulawar likita mai rajista, in abu ya ɓaci kuma likitan ne zai amsa tambaya.

Sai lafiyar ɗalibin. Ya zo da rigakafin tetanas da na haukan kare. Na haukan kare allura biyu ne, tsakaninsu kwana 7, bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018. A faɗa masa tun ranar farko: in kare ko kyanwa ta cije shi, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 shi ne farko, sai asibiti, ko da ya yi rigakafin. Ɗaliba mai juna biyu ba a kai ta wurin tumakin da ke haihuwa ko suka yi ɓari, ba ta kuma taɓa kwalbar furostagilandin, allurar da ake tayar wa dabba da naƙuda da ita, don yana shiga ta fata ya zubar da ciki. Mai asma ma ya nisance shi.

Makon farko a ba shi aikin shirya akwatin mota. Aiki ne mai kamar na yaro, amma da shi zai san kowane magani da ƙarfinsa da ranar daina aikinsa. Nan ne zai koyi cewa allurar rigakafi tana zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, cewa wadda take ruwa-ruwa ba a jingina ta da ƙanƙara don daskarewa na lalata ta, wadda ake damawa kuma da zarar an dama sai a gama da ita cikin awa ɗaya zuwa biyu, a inuwa.

Kamu

Ɗalibin da bai iya kama dabba ba, ba zai iya duba ta ba. Tsoro zai sa ya tsaya nesa kaɗan, wanda shi ne wuri mafi haɗari. Ko dai ya manne da jikin dabbar, inda shuri ba ya da ƙarfi, ko ya fita daga inda ƙafa za ta kai. Saniya tana shuri ta gefe, ƙafar na zagayowa daga gaba. Doki da jaki baya suke harbi, doki kuma yana iya sara da ƙafar gaba. Saniyar da ta haihu yanzu da bijimi ba a juya musu baya, kuma kafin a shiga shinge a san ta inda za a fita. Igiya ba a naɗe ta a hannu ko kaɗan. Yatsu da yawa sun tafi ta haka.

A koya masa ɗaura ragama da ƙullin da ake warwarewa da ja ɗaya, sannan kayar da saniya da igiya mai tsawon mita 10 zuwa 12: ƙulli marar zargewa a ƙaho ko wuya, zagaye ɗaya a bayan ƙafafun gaba, wani a gaban hantsa, mutum biyu su ja ta baya, ɗaya na riƙe da kai. A kula igiyar kada ta danne hantsa ko azzakarin bijimi, kuma ba a yi wa mai tsohon ciki haka. In za ta daɗe a kwance, gefen hagu ya kasance a sama, saboda tumbi a can yake, iska na taruwa a cikinsa, mai aiki na buƙatar ganin kwiɓin yana kumbura. Tunkiya ana zaunar da ita a kan gindinta, ba a jan gashinta. Kare a sa masa takunkumi ko na bandeji ne, kyanwa a naɗe ta da tawul. Kaza kuwa ba a matse mata ƙirji, don da motsin ƙashin ƙirjin take numfashi. Ɗalibi mai ƙarfin hannu yana iya kashe ta yana cikin dubawa.

Tsarin dubawa

Minti biyu na farko hannu a aljihu. A tsaya nesa a kalli dabbar da 'yan'uwanta: ta ware ne, tana tuƙa, yaya tsayuwarta, yaya kashinta a ƙasa, numfashi nawa a minti. Numfashi daga nesa ake ƙirga shi, don da an kama ta lissafin ya lalace. Sai tambayar mai dabba. Sai hannu, kuma hanya ɗaya kullum. A saniya: baya, gefen hagu, gefen dama, kai da wuya, hantsa, sa hannu a dubura ya zo ƙarshe. Ma'aunin zafi ya shiga kafin hannu, a jingina shi da bangon dubura. In ya nutse cikin kashi, zafin kashin zai auna.

Lambobin da zai haddace ba su da yawa. Zafin jikin saniya digiri 38 zuwa 39.3, zuciya 60 zuwa 80 a minti, tumbi na juyawa sau 2 zuwa 3 cikin minti 2. Tunkiya da akuya 38.5 zuwa kusan 40. Doki 37.5 zuwa 38.5, zuciya 28 zuwa 44. Jaki ya fi doki sanyin jiki, kusan 36.5 zuwa 37.8. Kare da kyanwa 38 zuwa 39.2, kaza 41 zuwa 42. Ma'ana, digiri 39.5 a akuya ba komai ba ne, a doki zazzaɓi ne, a jaki zazzaɓi mai ƙarfi. Dabbar da aka koro a rana kuma zafinta zai hau, a bar ta ta huta a inuwa rabin awa a sake aunawa.

Jaki na buƙatar magana ta daban. Ba ya nuna ciwo kamar doki. Dokin da cikinsa ke ciwo zai tona ƙasa, ya kalli kwiɓinsa, ya yi birgima. Jaki sau da yawa sunkuyar da kai kawai zai yi, ya sa baki a abinci ba tare da ya ci ba. Jakin da ya yi shiru ya daina ci a ɗauke shi a matsayin na gaggawa, domin in ya kwana biyu babu abinci kitse na cika masa jini ya kashe hanta.

Ɗalibi ba zai gane huhu mai ciwo ba sai kunnensa ya ƙoshi da lafiyayye. Duk gonar da aka je, bayan an gama da marar lafiya, a sa shi ya saurari lafiyayyu biyu ko uku. A nuna masa tsunkular fatar tsakanin kafaɗun saniya: lafiyayya za ta lanƙwasa baya, wadda waya ko ƙusa ta huda mata ciki za ta ƙi, ko ta yi nishi. A nuna masa ɗalle haƙarƙari da yatsa yana saurare, don jin ƙarar da iska ke yi in wani sashen ciki ya goce daga wurinsa. A danna dasashi ya ga launi ya dawo cikin daƙiƙa 2. A tumaki da awaki a buɗe fatar ido ta ƙasa a gwada da katin FAMACHA, wanda aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu, mai maki 1 zuwa 5 daga ja zuwa fari fat. Farin ido tare da kumburi ƙarƙashin haɓa, tsutsar ciki mai shan jini ko tsutsar hanta ake fara zargi.

Bayan ya gama, a ja shi gefe inda mai dabba ba ya ji. Me ka gani da ba daidai ba? Waɗanne cututtuka uku ne za su iya kawo haka, wacce ce kan gaba? Da ba na nan, me za ka yi? Likita ya daure ya yi shiru har sai ɗalibin ya ba da amsa. Wanda ke saurin faɗin sunan cuta tun daga bakin shinge, ɗalibinsa ba zai koyi komai ba sai kallo.

Nauyi da lissafin magani

Kiyasin nauyi da ido yana yaudarar tsofaffin likitoci ma, balle sabo. In babu sikeli, tef ɗin awo ya isa. A auna zagayen ƙirjin saniya daidai bayan ƙafafun gaba, a auna tsawo daga kan kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya, duka a santimita. Zagayen sau kansa, sau tsawon, a raba da 10,840. Saniya mai zagaye 160 da tsawo 130 ta kama kilo 307. A doki da 11,880 ake rabawa. A sa ɗalibi ya faɗi kiyasinsa kafin a auna, kullum, har idonsa ya daidaita.

Ƙa'ida ɗaya ke buɗe kowace kwalba: kashi 1 cikin ɗari yana nufin miligiram 10 a kowace mililita. Oksitetirasaikilin, allurar kashe ƙwayoyin cuta, mai dogon aiki kashi 20 ne, wato miligiram 200 a mililita, ana ba da miligiram 20 ga kowane kilo. Saniyar nan mai kilo 307 za a yi mata allurar kusan mililita 31, kuma a raba shi wuri biyu, kada ya wuce 20 a wuri guda, in ba haka ba naman ya kumbura ya ruɓe. Akwai irin maganin mai kashi 5 da mai kashi 10, ƙa'idarsu daban. Aibamektin, maganin tsutsa, mai kashi 1, mililita 1 ne ga kilo 50, ƙarƙashin fata. Duk lissafi ɗalibi ya rubuta a takarda, ya karanta da baki, likita ya ce to, sannan a zuƙa. Ko a makon ƙarshe wannan ba ya sauka.

Ga inda bambancin dabbobi ke kisa. Zailazin, maganin kwantar da dabba, doki na ɗaukar har miligiram 1.1 ga kilo, saniya kuwa 0.05 zuwa 0.1 ya ishe ta. Saniya mai kilo 300 a kan 0.05 miligiram 15 ke nan, mililita 0.75 na kwalba mai kashi 2. In hannu ya kai kan kwalbar doki mai kashi 10 aka zuƙi mililita 0.75 ɗin, an ba ta ninki biyar. Kwalaben nan biyu kada su zauna aljihu ɗaya a akwati. Maganin yana kuma iya jawo ɓari a ƙarshen ciki, a tumaki yana taɓa huhu. Lidoken, na kashe zafi, awaki ba sa jure shi da yawa, musamman 'ya'yan, don haka a tsaya ƙasa da miligiram 6 ga kilo, a sirka shi in ana son yawan ruwa. Diminazin na sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, ƙunshi mai giram 2.36 na saniya mai kilo 300 ne, amma raƙumi da kare yana iya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Farasitamol na kashe kyanwa, haka maganin ƙuma na kare mai fametirin. Amitiraz da ake wanke shanu da shi don kaska yana tsayar wa doki hanji. Monensin da ake sa wa abincin kaji da shanu guba ne ga doki. Gishirin lasa na shanu mai yawan tagulla yana taruwa a hantar tunkiya har ya kashe ta. Albendazol, na tsutsa, ba a ba saniya a kwana 45 na farkon ciki. Penisilin mai farin ruwa ba ya shiga jijiya. Tilmikosin kuwa, na kashe ƙwayoyin cuta, kada ɗalibi ya riƙe sirinjinsa sam, domin ya kashe mutanen da suka soki kansu bisa kuskure. Har gawar dabba tana da nata lissafin: dikilofenak, maganin rage ciwo da aka riƙa yi wa shanu a Kudancin Asiya ya kusa ƙarar da ungulayen yankin, sai da Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006.

Rage magani ma ɓarna ce, sai dai ba a ganinta nan take. Maganin tsutsa da bai kai ƙa'ida ba yana kashe raunana ya bar masu tauri su hayayyafa. In garke za a ba, a raba su rukuni bisa girma, a yi lissafi da nauyin mafi girma a kowane rukuni.

Yadda ake sakar masa hannu

Kowane aiki hawa huɗu ne: ya kalla ana yi ana bayani, ya yi hannun likita na kan nasa, ya yi likita na tsaye bai ce uffan ba, ya yi shi kaɗai ya kawo rahoto a inda doka ta yarda. Ba a tsallake hawa don ɗalibi ya nuna zaƙewa, ba a kuma riƙe shi a hawa na farko don likita na sauri. Wannan na biyun ya fi yawa. Ɗalibai da dama suna gama zamansu ba abin da suka ƙware a kai sai riƙe wutsiya da wanke bokiti.

A fara da allura ƙarƙashin fata, sai ta nama, a wuya, ba a cinya ba, don cinya nama ce mai daraja kuma babbar jijiyar ƙafa na bi ta nan. Bakin allura lamba 16 zuwa 18 ga shanu, 18 zuwa 20 ga tumaki da awaki, 21 zuwa 23 ga kare da kyanwa. Sai jijiyar wuya. A danne ta daga ƙasa har ta tashi, a soka allurar ita kaɗai, jini ya fito, sannan a haɗa sirinji. A doki wannan na da muhimmanci ƙwarai: a soka a saman wuya, in jinin na ɗiga baƙi-baƙi an samu, in yana tsartuwa ja wur an shiga babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, a zare. Kalsiyam na saniyar da ta kwanta bayan haihuwa a ɗumama shi, a ba da shi a hankali cikin minti 10 zuwa 20, ɗalibi na sauraren zuciya. In bugun ya rikice a dakata.

Tiyon da ake zura wa dabba har ciki ba a zuba komai a cikinsa sai an tabbatar inda ya shiga. A saniya za a ji warin tumbi, in an hura kuma wanda ke saurare a kwiɓin hagu zai ji ɓulɓul. A doki ana ganin wucewarsa a gefen hagu na wuya. In iska na shiga da fita daidai da numfashi, huhu ya nufa. Ɗura da kwalba ma haka: ba a ɗaga kai sama sosai, ba a riƙe harshe, in dabba ta yi tari a tsaya. Kumburin tumbi wuri ne mai kyau na koyar da wannan. In tiyo ya shiga iska ta fita, an gama. In bai sace ba kumfa ce, a zuba man girki mililita 250 zuwa 500. Huda kwiɓin hagu sai dabbar da ke gab da faɗuwa.

Gwajin ciki ta dubura likita ya fara shiga, ɗalibi ya biyo, ya faɗi abin da ya taɓa kafin a gaya masa. Farce a yanke, zobe a cire, man santsi da yawa. Bakin mahaifa zai fara nema, daga nan ya bi. In hanji ya matso ya tsaya cak har ya saki, in ya ga jini a safar hannu ya fito. Ƙwararre na gane ciki daga kwana 35, sabo ya fara da na wata 3 zuwa sama. Goɗiya kuwa duburarta na yagewa cikin sauƙi, yagewar kuma kan zama ajali, don haka ba wurin koyon farko ba ce.

A yi yarjejeniya tun a mota: jijiya sau biyu zai gwada, in bai samu ba likita ya karɓa ba tare da wata magana ba. A haihuwa minti 10 zuwa 15 ne. Sanin wannan tun farko yana hana shi jin an kunyata shi a gaban mutane.

Haihuwa

Saniyar da faya ta fashe tana yunƙuri minti 30 zuwa awa ɗaya babu ci gaba, a sa hannu. Karsana a ɗan ƙara mata lokaci. A ɗaure wutsiya gefe, a wanke da sabulu, doguwar safar hannu dole, saboda bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, na kama mutum ta ruwan haihuwa. Tambaya uku ɗalibi zai amsa da hannunsa: bakin mahaifa ya buɗe? Maraƙin na da rai? Me ya gabato? Rai ana gane shi da tsunkular tsakanin kofato, ko sa yatsa a baki a ji tsotso. Ƙafa kuwa a lanƙwasa gaɓoɓi biyun da ke saman kofato: in gefe ɗaya suka lanƙwasa ta gaba ce, in suka saɓa ta baya ce. A bi kowace ƙafa har jiki, don a tumaki da awaki ƙafafu biyun da suka leƙo sau da yawa na 'ya'ya biyu ne.

In akwai gyara, a tura maraƙin ciki tsakanin yunƙuri a samu fili, a rufe kofato da tafin hannu yayin juyo shi don kada ya yaga mahaifa. In yunƙurin ya hana aiki, lidoken kashi 2, mililita 1 ga kilo 100, a gaɓar gindin wutsiya da ake ganowa ta ɗaga wutsiyar sama da ƙasa. In ya yi yawa ƙafafun baya su mutu ta zube. Oksitosin, maganin ƙara ƙarfin naƙuda, ba a yin sa sai an tabbatar hanya a buɗe take, in ba haka ba mahaifa ta fashe.

Igiya a ɗaura ta saman gaɓar farko, a ƙara zagaye ɗaya ƙasanta. Ja na mutum biyu ne, ba ƙari, ba mota, ba babur. Ƙafa ɗaya bayan ɗaya, tare da yunƙurin uwar, a huta in ta huta. In kai ya shiga ƙugu, gaɓoɓin farko na ƙafafun biyu suka fito kamar faɗin tafin hannu daga farji, maraƙin zai wuce. In mutum biyu sun kasa kawo su nan, ya fi ƙarfin hanyar, tiyata ce. Wannan hukuncin shi ne abu mafi tsada da ɗalibi zai koya a wurin, don yawancin maraƙan da suka karye da shanun da suka kasa tashi, ja aka ci gaba da yi bayan lokacin tsayawa ya wuce. Bayan kafaɗu sun fito a karkata jan ƙasa, a ɗan murɗa maraƙin don ƙugunsa ya wuce. Wanda ya zo ta baya, da gindin wutsiya ya bayyana cibiya ta matse, sai a hanzarta.

Maraƙi ya fito a share hanci, a zaunar da shi kan ƙirji, a goge shi da ƙarfi, a tsoma cibiya a aidin. A koma cikin uwar a duba ko akwai na biyu ko yagewa. Dakashi kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa cikin awa 6 na farko, wato lita 3 ga mai kilo 30, domin bayan awa 24 hanjinsa ya daina ɗaukar garkuwar da ke ciki. Mabiyiyar saniya in ta wuce awa 12 zuwa 24 ta maƙale, amma ba a fizge ta, a bi zafin jiki da cin abinci. A goɗiya agogon daban ne: haihuwar kanta minti 20 zuwa 30 ce, mabiyiyar da ta wuce awa 3 kuma gaggawa ce. Karya mai yunƙuri da ƙarfi rabin awa babu ɗa, ko koren ruwa ya fito kafin ɗan farko, ita ma ba a jira.

Gawa da samfur

Dabbar da ta mutu farat ɗaya, jini baƙi marar daskarewa na fita ta hanci ko dubura, ba a buɗe ta. Ciwon saifa ake zargi, kuma da iska ta taɓa ƙwayoyinsa sai su yi ɓawon da ke zama a ƙasa shekaru gommai. Jini kaɗan daga kunne a kan gilashi ya isa, sai a sanar da hukuma. In ba wannan ba, kowace gawa aji ce, ɗalibi ya riƙe wuƙa. Kaji sun fi sauƙin farawa.

Jini na kwalba mai maganin hana daskarewa a juya shi a hankali, a sanyaya, ba a daskarar ba. Yankan naman da za a adana cikin ruwan fomalin mai kashi 10 kada kaurinsa ya wuce santimita 1, ruwan ya ninka naman sau 10, a haɗa da gefen da lafiyayye ya haɗu da mai ciwo. Kashi daga dubura ake ɗauka. Kowace kwalba a rubuta mata suna nan take.

Ya san cututtukan da doka ta ce a kai rahoto a ƙasar da yake, irin su ciwon baki da kofato, ciwon huhun shanu, murar tsuntsaye, haukan kare da annobar tumaki da awaki da ake son kawarwa nan da 2030, kamar yadda aka bayyana kawar da annobar shanu ta bushiya a 2011. Ya san wa ake kira. Ya kuma san likita kansa na iya yaɗa su: a wanke kashi daga takalmi da ruwa da buroshi kafin maganin kashe ƙwayoyin cuta, don maganin ba ya aiki a kan datti, garken da ake zargi kuma shi ne na ƙarshe a zagayen ranar.

Mai dabba, da bita

A gabatar da ɗalibi da gaskiya: “Malam, wannan ɗalibi ne, shi zai yi allurar ina tsaye, ka yarda?” Yawanci za su yarda. Wanda ya ƙi, haƙƙinsa ne. A koya wa ɗalibi yadda ake tambayar maganin da aka riga aka ba dabba ba tare da zargi ba. “Baba, me aka ɗan taimaka mata da shi kafin mu zo?” na fito da kwalbar daga aljihu, “Ka yi mata allura ne?” kuwa a'a yake jawowa. Ya saurari sunan da makiyayi ya ba cutar, amma ya tuna suna ɗaya kan rufe cututtuka uku. Kafin a tafi ya bayyana kwanakin da ba za a sha nono ko a yanka dabbar ba, kamar yadda ke jikin kwalba, ya rubuta ranar. Wani lokaci maganin ya fi dabbar tsada, ko ba za ta tashi ba. Ɗalibi ya ji yadda likita ke faɗin haka tun kafin a yi allurar da za ta hana cin naman.

Bita a mota ake yi, tsakanin gona da gona, abin na da ɗumi. Abu ɗaya da ya yi daidai, abu ɗaya da zai gyara, kuma a kama suna: “Ka manta hantsa” ya fi “ka ƙara kula” amfani. Gyara a gaban mai dabba sai in rai na cikin haɗari. In ya yi kuskure ya faɗa da kansa, kada a yi masa tsawar da za ta sa gobe ya ɓoye, don allurar da aka yi ba daidai ba in an sani cikin minti biyar sau da yawa ana iya ceto dabbar. Wanda ya kwana wurin tiyata kada a ba shi lissafin zailazin ko tuƙi da safe.

A makon ƙarshe a ba shi majinyaci guda tun daga amsa waya har rubuta kati da komawa dubiya bayan kwana 3, likita na biye yana sa hannu kan magani kawai. Rahoton da za a aika wa makaranta kuma ya faɗi aiki-aiki: yana samun jijiyar saniya shi kaɗai, tiyon doki sai da mai tsaya masa, bai taɓa gyara maraƙin da ya zo ta baya ba. Likitan da zai karɓe shi nan gaba da wannan zai san daga wane hawa zai ɗora.